Cinyar Rago Mai Zuma: Gashin da Nake Yi Kashegarin Babbar Sallah

A Ingila na fara ganin wannan gashi, a garin Lids, lokacin da maigida yake karatu a can. Muna da maƙwabciya, wata dattijuwar Baturiya mai kirki. Ana jajiberin Kirsimeti na shiga kai mata saƙon da aka ajiye mata a wurinmu, na tarar tana fito da wata ƙatuwar cinya daga obin. Ta alade ce. Ta san ba na ci, ba ta ma yi mini tayi ba. Amma idona ya ƙi barin wurin, domin bayan naman ya yi jajir yana sheƙi kamar an goge tasa, an tsattsaga shi gida-gida, kowane gida da ƙwayar kanunfari a tsakiyarsa. Na tambaye ta yadda aka yi ya zama haka, ta tsaya ta yi mini bayani tun daga farko.

A wajensu wannan yana cikin manyan abincin biki, musamman Kirsimeti da Ista. Cinyar da suke saya an riga an jiƙa ta da gishiri na kwanaki, wani lokaci har a banda ta da hayaƙi. Ita maƙwabciyata dafa ta take fara yi a ruwa, ta ɗaye fatar ta bar kitsen, ta tsaga shi, sannan ta shafa haɗin zuma da jan sukari da mustad, ta mayar obin na ɗan lokaci. Amurkawa kan ƙara da yankan abarba a kai. Tun ranar na ƙudura cewa in Allah ya kai mu Babbar Sallah a gida, sai na yi wa cinyar ragonmu irin wannan ado.

Na gwada a Kaduna, bai yi ba. An yanka rago da hantsi, da la'asar na lafta wa cinyar zuma na tura ta obin da wuta mai ƙarfi. Kafin minti arba'in ƙauri ya cika gidan. Bayan ya yi baƙi ƙirin yana ɗaci, cikin kuwa ga tauri ga lami. Abin ya dame ni ƙwarai, don naman layya ne, ba abin yin asara da shi ba ne. Da na zauna na yi nazari sai na ga ƙyallin kawai na kwaikwayo, na bar abin da yake ƙarƙashinsa. Naman Turawan nan gishiri ya ratsa shi har ƙashi, ya kuma riga ya nuna kafin zuma ta taɓa shi. Zaƙin a kan gishiri yake hawa, kuma a ƙarshe yake zuwa. In kin riƙe wannan, 'yar'uwa, sauran duk mai sauƙi ne.

Mu fara da naman. Cinyar baya kike so, da ƙashinta, mai nauyin kilo 2 da rabi zuwa 3. In ragonku Balami ne ko ƙaton Uda, cinyar za ta iya wuce haka, sai ki auna tirenki tukuna, in ba za ta shiga ba a sare ƙaurin daga gaɓa. Na Yankasa yawanci daidai take da obin ɗin gida. Ki tsaya a kan mai fiɗa ki gaya masa kada ya kankare kitsen bayan cinyar, domin da yawansu sun saba share shi tas. Wannan siririn kitsen shi za a tsaga, shi zai riƙe zuma, shi kuma zai hana naman bushewa. A gidanmu cinya ɗaya ta Hajiya ce, surukata, tun kafin a gama fiɗa an ware ta. Ɗayar ce tawa.

Kada ki gasa ta ranar yanka. Dabba in aka yanka ta, bayan 'yan awoyi tsokar jikinta kan sandare, sai ta kwana sannan ta fara saki. Iyayenmu da suke rataye rago ya kwana, a yi suya kashegari, sun san abin da suke yi. Sai dai Sallah tana matsowa baya da kamar kwana 11 kowace shekara: a 2024 ta faɗo 16 ga Yuni, a 2025 kuwa 6 ga Yuni, wato muna ƙara kutsawa cikin zafi. Rataye cinya mai kauri cikin irin wannan yanayi kasada ce, domin daga jikin ƙashi take fara lalacewa, inda ido ba ya gani. Ki bar ta ta sha iska a inuwa har zafin jikinta ya fita, ki rufa mata yadi mai shara-shara saboda ƙuda, sannan ki kai ta firji. Firjin ya kasance yana sanyi na gaske, ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Salshiyas, wanda da shi ne duk digirin da zan ambata. In kin san wutar unguwarku ba ta da tabbas, ki tanadi ƙanƙara da kula tun ana gobe Sallah, don ranar Sallah masu ƙanƙara ba sa samuwa da sauƙi.

Kafin ta shiga firjin ne za ki yi aikin da ya fi kowanne muhimmanci, wato gishiri. Ki goge cinyar da tsumma mai tsabta ta tsane sarai. Ga kowane kilo na nama, giram 10 na gishiri. Cinya mai kilo 3 ke nan za ta ci giram 30, kusan cokalin shayi biyar, ba mai tozo ba. Na san zai yi miki yawa a ido, amma ki tuna kaurin naman da zai ratsa. Ki zuba gishirin a turmi, ki haɗa da tafarnuwa ƙwaya takwas, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, masoro cokali ɗaya, kimba biyu da aka cire wa 'ya'ya don suna da ɗaci, da barkono daidai bakin gidanku. Ki kirɓa su su yi laushi, ki ɗiga man gyaɗa cokali biyu don ya haɗe. Sai ki ɗauki wuƙa mai tsini ki soke ɓangaren tsoka wuri goma ko sha biyu, ki zurfafa har kusa da ƙashi, ki cusa haɗin da yatsa, ragowar ki murje jikin duka. Ki rufe ta kwana. Awa 24 ya fi, amma awa 12 ma zai yi.

Abin da yake faruwa cikin daren nan shi ne, gishiri yana fara jawo ruwan naman waje, ya narke a cikinsa, sannan naman ya sake shanye ruwan gishirin. Shi ya sa gobe za ki ga ba ruwa sosai a tiren, kuma naman ya ɗan ƙara duhu. Naman da ya sha gishiri haka ya fi riƙe ruwansa a wuta.

Akwai masu sa ɗanyen gwanda ko ruwan ɗanyar abarba don nama ya yi laushi. Suna aiki, amma ba a kwana da su. Suna cinye bayan naman ya zama kamar an tauna, cikin kuwa ba sa kai wa. Ni ba na sa su a nan. Wuta mai sanyi da haƙuri sun ishe mu.

Kashegari ki fito da cinyar kamar minti arba'in kafin ta hau wuta. Yanzu ne za ki tsaga kitsen. Ki ja layuka a karkace daga wannan gefe zuwa wancan, tsakaninsu faɗin yatsa biyu, sannan ki gicciya su da wasu, su ba ki gidaje irin na yankan alewar madara. Wuƙar ta tsaya a kitse da ɗan tantanin da yake ƙarƙashinsa, kada ta nutse cikin tsoka. Kitsen rago bai kai na cinyar da na gani a Ingila kauri ba, don haka hannu ya yi sauƙi. Kanunfari kuma ki sa shi da lissafi. Turawa kan soka a kowane gida, amma ni ba na wuce ƙwaya goma sha biyar. Duk wadda ta taɓa danna kanunfari a haƙori mai ciwo ta san yadda yake kashe baki; in ya yi yawa, shi kaɗai za a ji.

Ki yanka manyan albasa uku da kauri ki shimfiɗa a tire mai zurfi, ki ɗora cinyar a kai, kitsen yana sama. Ki zuba ruwa gwangwanin madara biyu a gefe, ba a kan naman ba, kada ki wanke kayan ƙamshin. Ki rufe da foyil ninki biyu, ki matse bakin tiren yadda tururi ba zai tsere ba. Obin ya yi zafi digiri 160 kafin ta shiga.

A nan ne littattafan girkin Turawa za su iya ruɗa ki. In sun ce cinyar tunkiya ta gasu cikin awa ɗaya da rabi, suna maganar ɗan rago ne da bai shekara ba, kuma suna son cikinsa da sauran ja. Ragunanmu na layya yawancinsu sun shekara ko sun wuce, sun yi tafiyar kiwo, jijiyarsu ta yi ƙwari. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce dunƙulallen naman tunkiya ya zama lafiyayye ga mai ci in tsakiyarsa ta kai digiri 63 aka bar shi ya huta minti uku. Amma nuna daban, laushi daban. Jijiyar babban rago ba ta narkewa sai ya daɗe a wuta, cikinsa ya kai wajen digiri 90. Ki ba shi awa uku da rabi zuwa huɗu a rufe. Bayan awa biyu ki buɗe sau ɗaya ki duba ruwa, in ya kusa ƙafewa ki ƙara mai zafi. In kina da ma'aunin zafi na nama, ki soka shi a wuri mafi kauri, kada ya taɓa ƙashi. In babu, cokali mai yatsu ya isa: ki soka ki ɗan murɗa. In ya juya ba gardama, kuma tsoka ta janye daga ƙarshen ƙashi, ta yi. In ya cije, ki mayar ki ƙara rabin awa. Ki fara da wuri, domin gara nama ya jira baƙi da baƙi su jira nama.

Tana cikin obin sai ki haɗa abin shafawa. A nan ne na fi jin daɗin aikin, don duk abin da maƙwabciyata take nema a kanti muna da wanda ya fi shi a kasuwarmu. Jan sukarin da take sa, mazarƙwaila ce tamu, irin wadda ake dafawa daga ruwan rake a ƙasar Zazzau, wajajen Maƙarfi. Tana da wani ƙamshi na ƙuna-ƙuna da farin sukari ba shi da shi. Mustad ɗin da take sa don ya karya zaƙi kuwa, tsamiya ta fi shi dacewa da rago, domin tsaminta yana yanke maiƙo.

Ki jiƙa tsamiya cikin tafin hannu a ruwan ɗumi, ki dama, ki tace, ki sami rabin gwangwanin madara mai kauri. Ki fasa mazarƙwaila kamar girman ƙwai, ki narkar da ita a cikin ruwan tsamiyar a kan wuta kaɗan, ki sake tacewa da rariya mai laushi, don sau da yawa akwai yashi ko ɓurɓushin rake a cikinta. Ki mayar tukunya, ki zuba zuma rabin gwangwani, ki matse lemon zaƙi guda, ki sa garin citta rabin cokalin shayi da ɗan barkono da gishiri ɗan tsunkule. Ki bar shi yana ɓararraka a hankali minti takwas zuwa goma, kina juyawa, kada ki matsa daga wurin don zuma tana tasowa ta zube kamar madara. Ki tsoma cokali ki ja yatsa a bayansa. In hanyar ta tsaya ba ta haɗe ba, ya yi. Ki ɗanɗana. Ya kamata zaƙi ya fara zuwa, tsami ya biyo shi nan take, yaji ya tsaya a maƙogwaro. In zaƙi kaɗai kika ji, ƙara tsamiya. In ya huce ya yi tauri kafin lokacinsa, ki sassauta shi da cokali biyu na romon tiren.

Ki nemi zuma ta gaskiya daga wanda kika yarda da shi. Wadda aka haɗa da dafaffen sukari za ta yi ƙyalli, amma ƙamshin ba zai zo ba. Kuma gidan Sallah cike yake da jarirai ana ɗanɗana musu abin da ake ci: yaron da bai shekara ba, ba a ba shi zuma, ko da dafaffiya ce, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da cikinsa bai isa ya kare kansa daga gare ta ba. Ki ware wa irinsu wani abin daban.

To, naman ya yi laushi. Ki fito da shi, ki yaye foyil, ki tsiyaye romon duka a kwano ki ajiye. Ki ƙara wutar obin zuwa digiri 200. Ki ɗan dangwale bayan cinyar da tsumma don ya bushe, saboda zuma ba ta kama jiƙaƙƙen wuri, zamewa take yi. Ki zuba ruwa kaɗan a ƙasan tiren don abin da zai ɗiga kada ya ƙone ya yi hayaƙi. Sai ki shafa kashi ɗaya cikin uku na haɗin da burushi ko bayan cokali, ki tabbata ya shiga tsagogin, ki mayar a buɗe minti goma. Ki fito ki sake shafawa, minti goma. Na uku kuwa ki tsaya a bakin obin, minti biyar zuwa takwas. Sukarin da ya fi yawa a zuma yana fara ƙuna tun wajen digiri 110, alhali farin sukari sai wajen 160, shi ya sa tsakanin ja mai kyau da baƙi mai ɗaci bai wuce minti biyu ba. Launin da kike nema shi ne na dabino mai kyau, gefen gidajen ya ɗan fi duhu, yana tafasa ƙanana-ƙanana. Obin ɗin gas irin namu yawanci gefe ɗaya ya fi zafi, don haka ki juya tiren duk shafawa. In wani wuri ya riga sauran, ki yago foyil ki rufe shi shi kaɗai.

Shafawa sau uku da sirara ta fi sau ɗaya da kauri. Kowace tana bushewa ta zama gindin ta gaba. Lafci ɗaya kuwa gangarowa yake yi ya taru a tire.

Wadda ba ta da obin ba a bar ta a baya ba, har ma hanyarta ta fi kusa da ta maƙwabciyata. Ki sami babbar tukunya mai kaurin gindi, ki shimfiɗa albasar, ki ɗora cinyar, ruwa gwangwani uku, ki rufe bakin da foyil sannan murfi. Ki ɗora a kurfoti da garwashi kaɗan, yadda zai riƙa motsi a hankali, kina ƙara gawayi da ruwa in da bukata, kina juya ta duk awa. In ta yi laushi ki ɗauko ta da hannu biyu da babban faranti a kusa, don tana iya rabuwa. Ki baza garwashin da ya yi toka-toka, babu harshen wuta, ki ɗora waya sama da shi kamar tsawon hannu daga yatsu zuwa wuyan hannu. Ki ɗora cinyar a gefe, ba a tsakiyar wuta ba, ki shafa, ki juya, ki shafa. Ɗigon zuma da kitse yana tayar da wuta, ki ajiye ruwa a kofi kina yayyafawa. Wata shekara da gas ya ƙare mana ranar Sallah haka na ƙarasa tawa, ɗan hayaƙin gawayin nan ya ba ta wani gardi da har yau yara suke tambaya.

Da ta fito, kada a taɓa ta sai bayan minti ashirin ko talatin. In aka yanka da zafinta ruwan cikinta zai malale a faranti. Kada kuma ki lulluɓe ta da foyil ya taɓa bayan, zai ɗauke ƙyallin. Ki yi mata rumfa da shi kawai. A wannan lokacin ki koma kan romon da kika ajiye. Mai ya taso sama, ki kwashe shi da ludayi. Ki murje albasar da ta narke ta cikin rariya, ki zuba ragowar haɗin zuma in akwai, ki tafasa ya ɗan yi kauri. Ki ɗanɗana kafin ki ƙara gishiri ko dunƙule, don yawanci ba ya bukata.

Ki zare kanunfarin duka kafin yanka. Ki riƙe ƙashin da tsumma, ki yanka kina gicciye zaren naman, ba bin tsawonsa ba, kowane yanki ya samu rabonsa na bayan mai zuma. Kitsen rago yana daskarewa da wuri ya manne a ganɗa, don haka ki ɗauraye farantan da ruwan zafi ki goge, a kuma ci da ɗuminsa. Abin da za a ci da shi kada ya zama mai zaƙi ko mai maiƙo. Ni gurasa nake so ko sinasir, ko farar shinkafa, da kabeji da tumatir da albasa da aka matsa wa lemon tsami, da yajin ƙuli a gefe don masu son ƙari.

Shekarar da na fara dacewa, Hajiya ta zo gidan da yamma. Da ta ji abin da aka shafa, sai ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, zuma a nama? Ai ba fura ba ce." Na ce, "Hajiya, ku dai ɗanɗana, in bai yi muku ba ga soyayye nan." Ta ɗauki yanki ɗaya ta gefe, ta daɗe tana taunawa, sannan ta tambaye ni ko tsamiya na sa. Da za ta tafi ta sa aka ƙunsa mata saura. Tun daga shekarar, cinyar da ake kai mata takan dawo gidana da daren Sallah, da saƙon a yi mata irin waccan, amma a rage barkono.

Abin da ya rage kada ya wuce awa biyu a waje. Ki zare naman daga ƙashi, ki sa a mazubi mai murfi da ɗan romo, zai yi kwana uku a firji. In za ki ɗumama, ki sa romo a kasko ki rufe, wuta kaɗan, don zumar da take jiki tana nan da halinta na saurin ƙuna. Ƙashin kuma ki sa a fasa miki shi biyu, ki kankare ɗanƙon zumar da ya manne, ki jefa shi a tukunyar miyar kuka ta kwana na uku.